Ayu a Marmaro

Kakana Odell ya kafa tanti a karkace.
Turke ɗaya ya ɓata tun a gida,
sai ya ɗaure igiyar a gindin bishiya
mai furfurar gemu har ƙasa.
Janairu ne a arewacin Filorida,
kofi na hucewa kafin a kai shi baki.

Amma marmaron tururi yake.
Ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga cikin dutse
bai san zafi ba, bai san ɗari ba,
garau, har kana ƙirga tsakuwar ƙasa.

Da asuba muka tura kwalekwale.
Ya ce, "Lurleen, ajiye filafilin. Kar ki motsa."
Sai ga ayu, ƙato, ruwan toka,
ya gudo daga sanyin kogi,
ya ɗago hanci ya ja iska.
A gadon bayansa tabo biyar a jere,
aikin farfelar wani mai gaggawa.

Kaka ya daɗe yana kallo.
Ya zuge rigar sanyi, ya shafa ƙirji
inda likitoci suka tsaga bara.
"Ni da kai," ya ce, "wuƙa ta san mu."

Da dare wake ya kama a tukunya,
wata 'yar dabba mai hannun ɓarawo ta tafi da burodi,
mujiya ta hana ni barci.
Shi kuwa minshari yake,
sai ya yi tsit. In kasa kunne,
ina ƙirge a zuci,
har ya ɗago, ya ja iska.