Ruwa Ba Ya Manta Makwancinsa

Shekara uku ke nan, wata ranar Laraba,
tifa ta wuni tana sintiri ta Ƙofar Gayan,
tana juye jar ƙasa da shara da ɓaraguzai
a kududdufin da kakana ya haƙa ya gina gidanmu,
inda muka koyi iyo, muka sha bulala,
har ya shafe sumul,
kamar kwaɗo bai taɓa kuka a nan ba.

Na ce wa Yahuza, ɗan ƙanena,
"Yaro, ruwa ba ya manta makwancinsa.
Shekara hamsin ina cuɗa ƙasa da ƙafata,
na san mai ɗaukar soro, na san maha'inciya.
Wannan ciko ne, bai kwanta ba."

Ya yi dariya, ya warware mini takarda
mai zane da hatimi daga Samaru.
Injiniyansa mai hular kwano ya ce,
"Baba, zamanin tubali ya wuce, yanzu sai rodi."
'Yan majalisar ƙofar gida suka cafe:
"Barau ya tsufa."
"Baƙin ciki ne, don ba a ba shi aikin ba."

Na haɗiye. Bene ya tashi,
fenti ruwan ƙwai, tayil har bakin kwata.
Ran walima na ci shinkafa, na shafa fatiha,
amma idona na kan kusurwar gabas,
inda danshi ya fara fitar da kanwa,
wadda ko mai fentin bai lura da ita ba.

Daminar fari, tsaga kamar silin gashi. Aka shafe.
Ta biyu, ƙofa ta ƙi rufuwa,
aka kira kafinta ya sassaƙe ta, aka zagi kafinta.
Ni kuwa kullum in na fito sallar asuba
sai in ratse, in zura yatsa cikin tsagar,
ina awo kamar mai lissafin watan haihuwa.
Allah ya yafe mini, ban taɓa fashi ba.

Daren Talata, marka ta kwana uku.
Muka ji gurnani, ƙasa ta yi ajiyar zuciya.
Gari ya waye kusurwar gabas ta durƙusa,
kwaɗi na biki a falon Yahuza.
Ruwa ya dawo gidansa, ya zauna daram,
bai ko yi sallama ba.

Sai da na ƙirga yaran, biyar cif, ga uwarsu,
sannan wani abu ya taso mini daga ciki,
zaƙi-zaƙi, kamar ruwa bayan goro.
Me zan ɓoye? Na ji daɗi.
Tsawona ya ƙaru da taƙi guda,
gwiwar da ke hana ni barci ma ban ji ta ba.

'Yan majalisa suka matso: "Barau, bakinka!"
Mai zancen baƙin ciki shi ne kan gaba:
"Ni fa tun farko hankalina bai kwanta ba."

Kalma uku na tanada shekara uku,
ina wasa su kamar wuƙar layya:
ai na faɗa.
Na nufi Yahuza da su a kan harshe.
Na same shi tsaye, ruwa har ƙauri,
rungume da jiƙaƙƙiyar katifa,
fuskarsa sak ta ƙanena ran da muka binne Inna.
Bai ɗago ya dube ni ba.

Na ce, "Kawo katifar.
Shigifata babu kowa, kuma ba ta yoyo."
Wannan na ƙarshen ne ya suɓuce,
ban yi niyya ba.

Yanzu yaransa na tsalle a soron ƙasa,
wanda aka ce zamaninsa ya wuce.
Jiya da dare Kande ta zungure ni:
"Malam, murmushin me kake cikin duhu?"
Na ce, "Yi barcinki."
Na juya, na raɗa wa bango kalmomin nan uku.
Shi kaɗai ya ji,
kuma bai tsage ba.