Gado Na Huɗu, Gado Na Biyar

A Joensuu, cikin Janairu, rana ba ta zama,
leƙowa take ta koma kamar wadda ta yi ɓatan gida.
Daren nan motar asibiti ta kawo mana mutum biyu,
minti arba'in a tsakaninsu:
Veikko mai saran katako, ƙanƙara a gemunsa,
da Tauno mai shanu goma sha tara,
kowanne dafe da ƙirji kamar mai rantsuwa.

Likita Sirkka ta zura waya ta jijiyar hannu,
ta bi ta har inda kitse ya yi kaka-gida,
ta buɗe hanya, ta kafa 'yar ragar ƙarfe.
Jini ya koma gudu.
Ni Raili, mai jinya, na rubuta a littafi:
gado na huɗu, huɗu da ɗigo tara;
gado na biyar, biyar cif.
Awon mugun kitsen jini ke nan, mai liƙe wa bango.
So muke ya sauko ƙasa da ɗaya da rabi.

Ranar sallama Veikko ya jujjuya kwalbar magani,
ya ce, "Kullum? Har yaushe?"
Na ce, "Har ka gaji da ganin jikokinka."
Bai yi murmushi ba, ya dai sa a aljihu.
Tauno kuwa dariya har da dukan cinya:
"Ubana da cokali ya sha man shanu, ya yi tamanin da shida.
An gyara famfo, shan ƙwaya kuma na mene ne?"

Sharrin kitse, ba ya ciwo.
Ba ya sallama, ba ya buga ƙofa.
Tsatsa ce a cikin bututu, waje na ta sheƙi.

Wata uku, Veikko ya dawo da mita:
cinyoyi na tsami, burodi ba mai kamar tauna katako.
Likita ta canza ƙwaya, ta ƙara wata 'yar mitsitsiya.
Biyu da ɗigo ɗaya.
Da ƙanƙara ta narke, ɗaya da ɗigo uku.
Ya kawo min kifin tafki a naɗe cikin jarida.

Tauno bai zo ba.
Sau uku ina buga waya, Aune tana cewa yana wajen shanu.
Shekara ta biyu, lokacin yankan ciyawa,
motar ta sake kawo shi.
Wata jijiya ce daban, ba wadda aka gyara ba.
Ya rayu, amma gefen zuciya ya zama tabo.
Daga ƙofa zuwa garke sai ya tsaya sau biyu.
An sayar da shanun.

Kada in yi ƙarya, akwai Helmi ta gado na tara.
Ba ta taɓa tsallake ƙwaya ba, awonta tsaf,
muka rasa ta da kaka.
Lamba ba alkawari ba ce.
Kamar ƙanƙarar kan tafki take:
mai kauri ma takan tsage,
amma wa zai tura ɗansa ya taka siririya?

Jiya na gan su a benci guda, suna jiran awo.
An daɗe ba wanda ya ce uffan.
Can Tauno ya zaro kwalba daga aljihun kwat,
ya karkaɗa ta, ya dubi tagar da dusa ke sauka,
ya ce, "Kai, da safe kake sha, ko da dare?"