Ɗan Shamuwa

Da sunan Mai riƙe sama ba tare da ginshiƙi ba
zan kwance labarin da ya tsufa a bakina
tun ina da haƙoran tauna rake a Garwa.

Shekarar da Binuwai ya cinye gonar Garga
jirgin ruwa ya sauke gangunan fetur,
aka ɗauke ni aikin tace shi da fatar barewa,
ladana dala biyu da warin da ba ya wankuwa.

Sai ga shi ran wata Laraba,
jirgin katako da zane, an shafe shi da gam,
yana tari kamar tsohon da sanyi ya kama.
Ya dira, awakin unguwa suka faɗa dawa.

Matuƙin siriri ne, kunnensa ɗaya ya mutu,
sunansa ya ƙi zama a harshen kowa.
Da yake damina ke kawo shi, kaka ta kwashe shi,
muka raɗa masa Ɗan Shamuwa.

Hausarsa gurguwa, Fillancinsa ya fi ta ɗingishi,
amma da dare, in na kunna gwangwanayen fili,
yakan hau ganga ya zana min da tsinke:
nan ƙasa, can ƙasa, tsakani duk ruwa.

Na ce, ya kai Binuwai in ya cika ya batse?
Ya yi dariya har hayaƙin taba ya sarƙe shi.
Ya ce, Hamajoda, kogi yana da ƙetare.
Wannan ka tashi da asuba, ka kai lisha,
ba kuka, ba dutse, ba hayaƙin girki,
ba inda za ka ce wa inji, tsaya mu sha inuwa.

Can hadari bango ne, ba a yi masa ƙofa ba.
Ka bi ta ƙasa, igiyar ruwa ta lashi taya,
ka hau sama, ƙanƙara ta kama fiffike,
allurar nuna hanya ta shiga rawa.
Abokina mai buga waya yana can ƙasa
da buhu shida na wasiƙu, ba wanda ya samu binnewa.

Wata damina ya kawo min tsaraba a kwalba.
Na kurɓa, na tofar, yara suka yi ta ihu.
Ashe akwai ruwan da ke ƙara wa mai sha ƙishirwa.

Duk da haka na roƙe shi ya tafi da ni.
Bai ce a'a ba. Ya ja ni rumfar masu awon gyaɗa,
ya ɗora ni a sikeli, ya yi lissafi a tafin hannu,
ya ce, nauyinka fetur ne na rabin sa'a,
rabin sa'a kuwa a can shi ne tsakanin gaɓa da nutsewa.

Na yi fushi. Ran tashinsa ban ɗaga hannu ba.
Na murza masa farfela, na juya baya,
ina jin ƙararsa tana ƙanƙancewa bayan Tingilin
har ta koma kukan sauro, ta kai ga ɓacewa.

Shamuwa ta dawo, ta yi sheƙa a rimin kasuwa.
Ta sake dawowa.
Akawun gidan waya ne ya faɗa min a kan keke,
ƙafa ɗaya a ƙasa, bai ko sauka ba:
an ga mai yana yawo a kan teku, shi ke nan, sai mantuwa.

Na kai saba'in kafin na hau jirgi, hanyar Makka.
Jikata Astajam ta ba ni wajen taga.
Da muka bar ƙasa, shuɗi ya shimfiɗu ba iyaka,
alhazai na ta talbiya, ni ina duban agogo,
ina ƙirga rabin sa'a, bakina na rawa.

Kwalbar tana nan cikin adakata.
Ruwan ya tafi, ya bar gishiri kamar cin cokali.
Ko ran da miya ta kwana lami a gidan nan
ban bari an kai hannu ba, ban gaya wa kowa dalili ba,
sai yau da na ji shamuwa ta sauka a Garwa.