Maganaɗisu Uku a Duluth

A Duluth, inda jiragen ruwa ke lodin tamar ƙarfe
a bakin tafkin da ido ba ya kai ƙarshensa,
Hansatu ta dawo daga makaranta da aikin gida:
maganaɗisu uku, kowanne faɗin kwabo,
da gwangwani cike da ƙananan ƙusoshi.

Na farko ta kwanar da shi a waje, bakin taga,
inda Janairu ke daskarar da numfashi a gemu.
Da safe ta ɗauko shi da safar hannu.
Ƙusa talatin da huɗu ya kwasa,
ta biyar na reto a gindin 'yar'uwarta.

Na biyu ta jefa a tukunyar shayina.
Ya fito yana tururi, da ƙyar ya riƙe ashirin.
Bayan la'asar ya huce, ya ɗan farfaɗo,
amma bai koma yadda yake jiya ba.

Na uku ni na kama da filaya
na ɗora a harshen wutar girki har fatarsa ta yi baƙi.
Ko ƙusa ɗaya.
Ta binne shi a ƙanƙara, ta jira, ta sake gwadawa.
Ƙarfe yana nan, ƙarfi ya tafi.

Baba, ta ce, a cikinsa akwai 'yan mitsi-mitsi
sun yi sahu, fuska ɗaya, kamar ranar Juma'a.
Sanyi na sa su natsu, sahu ya miƙe.
Zafi na sa su makyarkyata, kowa ya kama gabansa.
In ya wuce gona da iri, sanyi ma ba ya gyarawa,
sai an kawo wani babba ya tsaya kusa da shi.

Ta rubuta lambobinta, ta yi hamma, ta haye sama.

Ni na zauna da baƙin kwabon a tafin hannu.
Shekara shida ke nan da na ɗaga wa Tukur murya
a kan gonar mahaifinmu ta bayan Gusau.
Na zo garin sanyi, na huce tuntuni,
amma ko sallama ba ta manne tsakaninmu.

Ƙarfe goma sha ɗaya a nan, can an idar da asuba.
Inna ba ta komawa barci.
Na lalubo lambarta, yatsana na rawa.
A waje, wani jirgi ya yi kuka cikin hazo.