Mai Saran Rake a Labasa

Ƙarfe biyar, kafin ƙaramin jirgin rake ya yi kuka,
na kama yatsan babana.
Shekara arba'in yana sara a gonakin Labasa,
fatar ta yi kanta, sai da na soka sau biyu.
Ɗigon jini guda. Na'ura ta ce sha ɗaya.

"Ƙarya take, Sarojni.
Tun faɗuwar rana ko gwaza ban taɓa ba.
Ina ta samo zaƙi a cikin mutumin da ya kwana da yunwa?"

Na ce, Baba, hantarka ce.
Tsohuwa ce mai tattali.
Duk gurasar da ka ci da rana
sai ta tsinke ta zama gulukos, ta bi jini,
abin da ya yi saura hanta ta ɗaure dami-dami ta ajiye.
Cikin dare ƙwaƙwalwa ba ta rufe shago,
zuciya ba ta ajiye gatari,
sai tsohuwar ta kwance dami ta ba su.
Da asuba takan ƙara hannu,
don ta san kai mai sammako ne.
Ba wanda ya gaya mata ka daina zuwa gona.

Ya ce, "To wa ke tsawata mata?"

Akwai wata 'yar tsoka kwance a bayan tumbi,
ita ke aiko da insulin,
mai ƙwanƙwasa ƙofar kowane nama:
buɗe, ga abinci.
Naka ƙofofin sun yi tsatsa, Baba,
mai ƙwanƙwasar ma hannunsa ya gaji.
Abinci na kai-kawo a titi,
masu gida na ciki da yunwa.

Bai ce komai ba. Ya sha shayinsa salam,
yana hararar gwangwanin da na ɗora can saman kabad.

Ran Laraba ya yi allura, ya manta da kwano,
ya fita duba shingen Latchman.
Na iske shi zaune a bakin kwalbati,
gumi sharkaf, leɓe na rawa,
yana kirana da sunan uwata
wadda muka ƙona gawarta shekara tara.

Ba alewa a jakata. Ba komai.
Sai rake, dama da hagu, har gindin dutse.
Na zare addarsa, na sari guda,
na feƙe, na miƙa masa gaɓa.
Ya tauna, ya tsotsa, ruwan na bin gemunsa.
Na ƙirga mintuna a agogon hannu.
A na sha biyu idonsa ya dawo gida.

Ya dubi ɓawon, ya dube ni.
"Wannan ɗin da kika hana ni?"
Na ce, shi ne.
Ya tofar da tuƙa, ya ce,
"Ba haka ake riƙe adda ba."