Inda Haske Ya Dafa

A Panteka na sayo madubin,
bayan rumfar Gambo mai walda.
Ƙoƙon fitilar tirela ne, wadda ta mutu a hanyar Zariya.
Ya goge bayansa da toka da lemon tsami
har na hangi fuskata:
hanci ya yi tulu, kunnuwa sun tsere can baya.
Ya ce, "Dubu uku. Munin kuma gyara ne."

Na rataye shi a sandar ƙarfe,
na ɗaura kamara daidai ƙarƙashin cibiyarsa,
tana kallon sama kamar kaza mai shan ruwa.
Ido ɗaya tal, amma ga Tudun Wada kaf:
mai rake, masu faci, jerin keke-napef,
sun naɗe a zobe guda kamar gammo.
Turken wuta ya zama lauje.
Madubin bai yi ƙarya ba,
gaskiya ce ta sha kwana.

Dakta Asabe tambaya ɗaya ta bar min a allo,
ta karkaɗe alli daga mayafinta ta fita:
"Ga mai rake can, ga idon kamara nan.
A wane ɗigo haske ya dafa madubi
kafin ya iso?"

Wata uku ina lalube.
Kwamfutata ta canka, ta kuskure,
ta matsa kaɗan, ta sake canka,
sau ɗari don ɗigo ɗaya,
ga ɗigo miliyan biyu na jiran layi.
Fankarta na haki kamar ta yi dakan sakwara.
A ɗauke wuta, batir ya cika
a rabin fuskar mai rake.
Na san rabin fuskar nan fiye da tawa.

Ran wata Laraba, ruwa ya tsare ni a Kasuwar Barci.
Na fake wajen Ladidi mai lemo,
ba don ina da kuɗin lemo ba.
Ta ɗauki guda, ta ɗora wuƙa a cibiya,
shaf!
Abin da yake dunƙule ya zama fili,
da'ira a tafin hannu, kowane gida a bayyane.
Na tsaya baki sake.
Ta ce, "Saye za ka yi ko kallo?"

Ashe haske ba ya yawo.
Mai rake, idon kamara da cibiyar madubi
a faranti ɗaya suke zaune,
kuma haske bai taɓa fita daga farantin ba.
Yadda ya sauko haka yake tashi,
kwana da kwana, ba rara, ba giɓi.
Me ya kai ni tone ƙoƙo gaba ɗaya?
Yanka ɗaya ya isa.
Layi ɗaya mai lanƙwasa, abu ɗaya da ban sani ba.

A bayan rasit na fara lissafin,
ruwan kwano na ɗiga a biro.
Da dare, kafin shayi ya huce,
mai rake ya fito da fuskarsa cikakkiya,
turken wuta ya miƙe,
zoben ya warware kamar turmin atamfa.
Fanka ko tari ba ta yi ba.

Sai dai gefe guda, wajen yamma,
akwai lotsawa, tabon ranar da tirelar ta faɗi.
Lissafina bai san da ita ba.
Duk wanda ya gifta nan sai ya rusuna,
ko ɗan sanda ne.
Dakta ta ce in sake madubi.
Gambo ya ce zai buge ta da guduma, ɗari biyar.

Har yau ban kai masa ba.
Lemo dai na koma na saya, guda huɗu.