Daren da Babu Duhu

A Tromso, cikin watan Yuni,
rana ba ta faɗuwa.
Ƙarfe biyun dare tana zaune bisa tsauni
kamar baƙuwar da ta manta hanyar gida.

Ƙanena Eskil, ɗan shekara ashirin da biyu,
kifi yake yankawa a masana'antar bakin teku.
Ya manna baƙar leda a tagarsa,
haske ya sami kafar allura ya shigo.
Dare goma sha ɗaya ina jin takunsa,
ya buɗe firij, ya rufe, bai ɗauki komai ba.

Muka ce aiki ne. Muka ce waya ce.

Ranar Talata ya ba maƙwabci karensa,
ya yi murmushin wanda ya gama lissafi.

An ce barci ƙanin mutuwa ne.
Ban san idan ƙanin ya ƙaurace wa gida
yayarsa ce ke zuwa leƙen taga ba.

Na zauna bakin gadonsa, na tambaye shi kai tsaye
da kalmar nan da bakina ke gudu.
Ya daɗe yana kallon safarsa.
Ya ce, "Sunniva, kaina ne ba ya yin shiru."

Na kira asibiti. Muka shiga motar Mama.
Kafin mu kai gada
kansa ya faɗo kafaɗata,
da nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.
Mama ta rage gudu.
Ko tari babu wanda ya yi.

Gobe zan je in karɓo karen.